Mijin abokiyar aikina Kirista ya rasu, yaya zan yi mata ta'aziyya?

Tambaya: Barka da aiki, Fasto. Ni Musulma ce, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi. Mijin abokiyar aikina, 'yar Zuru, ya rasu yau kwana huɗu, an ce sai nan da mako biyu za a kai shi gida a binne. Har yanzu ban je ba, don ban sani ba ko sai bayan jana'iza ake gaisuwa, kuma ina tsoron in faɗi abin da bai dace ba. Me zan ce mata?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri da wannan zumunci. Ki shirya ki je yau ko gobe, kada ki jira jana'iza. A wurinku ana sallar gawa a binne a ranar, zaman makoki ya biyo baya. A wurinmu sau da yawa gawa tana kwana a mutuware har 'ya'ya da dangi na nesa su iso, a haɗa kuɗin akwati da na mota, a tsayar da rana tare da ikilisiya, wato jama'ar coci. Ba doka ba ce ta Littafi Mai Tsarki, al'ada ce kawai, kuma a ƙauyuka da yawa na ƙasar Zuru washegari ma ake binnewa. Amma zaman makoki tun ranar rasuwa yake farawa, kuma waɗannan kwanaki na jira su ne mafi nauyi ga matar, domin miji ba ya ɗaki, ba ya kuma kabari.

Abin faɗa kuwa, kin riga kin iya shi. "Sannu, yaya haƙuri? Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari." Wannan ya isa. Za ki ji 'yan coci suna cewa "Ubangiji ya ta'azantar da ke", ko "ya tafi gida", ko "ya yi barci cikin Ubangiji". Maganar bangaskiyarsu ce game da tashin matattu, ba wanda zai sa ran ke ma ki faɗa.

Na san inda tsoronki ya fi yawa, wato batun "Allah ya jiƙansa". Hukuncin wannan a addininki malaminki ne zai faɗa miki, ba ni ba. Abin da zan iya gaya miki daga ɓangarenmu shi ne, idan 'yar cocin ECWA ce, ko UMCA, ko Baftis, waɗanda suke da yawa a ƙasar Zuru, ba su koyar da yi wa mamaci addu'a ba. Masu rai suke yi wa. Saboda haka ba za ta ji kin rage mata komai ba. 'Yan Katolika su ne suke roƙa wa matattu jinƙai, har suna da ranar tunawa da su kowace 2 ga Nuwamba, amma su ma addu'ar haƙuri da kika yi wa gwauruwa za su karɓa hannu biyu.

Akwai maganganun da nake roƙon a bari, kuma Kiristoci ma suna yin su, har da wasu dattawan ikilisiya. Na farko "daina kuka". Wasu suna ɗauka hawaye rashin bangaskiya ne, alhali a littafin Yohanna sura 11 Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, kuma abin da manzo Bulus ya hana Kiristocin birnin Tasalonika shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, ba baƙin cikin gaba ɗaya ba. In ta yi kuka, ki riƙe mata hannu ki bar ta. Kada ki tambaye ta yadda ya cika, ta riga ta ba da labarin har ta gaji. Kada a ce "ai da sauran ƙuruciyarki, za ki samu wani". Kuma kada ki nuna mamakin jinkirin binnewa, ko da wasa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa suka ƙara masa ciwo.

Za ki tarar da matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, sanye da zanen ƙungiyarsu suna waƙoƙi, wani lokaci da ganga da tafi. Ba murna suke yi ba, haka muke riƙe mai makoki. In an fara addu'a ki zauna shiru a inda kike, in lokacin sallarki ya yi ki nemi buta da wuri, za a ba ki. Mutanen Zuru sun saba da haka, gida ɗaya sai ki sami babban wa Musulmi ne, ƙanensa Kirista. Hannu kuma kada ya tafi wofi: kunu, ko tiyar shinkafa, ko ɗan kuɗi a ambulan, gara ma ku haɗa gudummawa ku malaman makaranta, don ɗaukar gawa zuwa Zuru yana cin kuɗi. Zuwa can ɗin ba dole ba ne, in hali bai yi ba.

Ba ma yin sadakar uku, bakwai da arba'in. Yawanci sujadar godiya, wato taron ibada a coci, ake yi ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, daga nan kowa ya watse. Ba mu kuma da takaba ta wata huɗu da kwana goma, don haka kada ki yi mamaki in kin gan ta a makaranta bayan 'yan makonni. A nan ne kika fi mu 'yan coci dama, tunda kullum kuna tare. Ki riƙe mata aji ranar da ta kasa, ki raka ta ofis in za ta bi takardun haƙƙin mijin, ki tambaye ta yadda za a yi da kuɗin makarantar yara kafin sabon zango. Idan Disamba ta zo kuma ki leƙa ta, domin Kirsimetin farko ba tare da shi ba zai yi mata wuya ƙwarai.