Gwaji Bai Ga Cutar Ba: Shin Ƙanena Ya Warke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Nas. Ƙanena direban trotro ne a nan Kumasi, ya daɗe yana shan maganin HIV. A gwajinsa na baya-bayan nan an ce ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba. Wani mai magani a unguwarmu ya ce tsiminsa ne ya wanke jinin, wai ya ajiye na asibiti. Na kuma ji an ce wani Bature ya warke sarai. Idan ba ta cikin jini, to ina take? Daga wata yaya a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya bar zumunci. Ki gaya wa ƙanenki, don Allah kada ya ajiye maganin nan. Na'urar gwaji tana ƙirga ƙwayoyin da ke yawo a ruwan jini ne kawai, kuma idan suka yi ƙasa da 20 zuwa 50 a mililita ɗaya ba ta ganinsu. Wannan aikin maganin asibiti ne. Mai tsimi ya tarar da gona an nome ne kawai.

Ƙwayar HIV ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum, kuma ba kowacce take shiga ba. Ki ɗauka ƙofar ɗaki ce a gidan haya na Zango, mai kwaɗo biyu. Kwaɗon farko sunansa CD4. A jikin ƙwayar cutar akwai wani tsini, gp120, shi ke kama shi. Bayan nan sai ta kama na biyu, ko dai CCR5 ko CXCR4. Idan biyun suka samu, wani tsinin mai suna gp41 ya soki fatar ƙwayar halittar, fatun biyu su haɗe, cutar ta zube ciki. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da waɗannan kwaɗuna, haka ma sauro, shi ya sa nake gajiya da masu cewa cizonsa yana yaɗa ta.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne sojojin jikin da muke kira CD4 saboda suna ɗauke da kwaɗon nan, waɗanda ake ƙirgawa a asibiti. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin ɗigon jini (mikrolita ɗaya). Idan suka faɗi ƙasa da 200 an shiga matakin ƙanjamau. Amma yawancinsu ba a jini suke zaune ba, suna bangon hanji da kaluluwa. Akwai kuma manyan sojoji masu haɗiye datti, makrofaj, da ke zama a huhu da ƙwaƙwalwa. Su ma tana shigarsu, kuma ba sa saurin mutuwa.

Da ta shiga, sai ta kwafi kanta ta dasa a cikin DNA na mutum, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayar halittarsa, ta zama ɓangarensa. Wasu daga sojojin da ta shiga sukan kwanta su yi barci na shekaru, da ita a cikinsu. Tun 1997 masana suka tabbatar da wannan maɓoya. Ƙwayar TLD da ake sha sau ɗaya a rana magani uku ne a haɗe: tenofovir da lamivudine suna hana kwafin, dolutegravir yana hana dasawar. Duk sabon kamu suke tarewa. Wadda ta riga ta dasu tana barci, ba su da hannu a kanta. Ranar da aka daina sha, galibi cikin mako biyu zuwa huɗu sai ta dawo jini.

Labarin Baturen gaskiya ne. Timothy Ray Brown, Ba'amurke mazaunin Berlin mai ɗauke da HIV, sankarar jini ta kama shi, aka yi masa dashen ɓargo a 2007. Wanda ya ba da ɓargon an haife shi ba shi da CCR5 mai aiki, gado daga uwa da uba. Cutar ta rasa ta inda za ta shiga. Har ya rasu a 2020, sankarar ce ta dawo, HIV ba ta dawo ba. A 2019 aka sanar da irin haka ga Adam Castillejo a Landan. Sai dai wannan gado kusan mutum ɗaya cikin 100 ke da shi a arewacin Turai, a cikinmu baƙar fata kuwa da kyar ake samu. Dashen ma kansa yana iya kisa. Sai mai sankara ake yi wa.

Daga sanin ƙofar nan aka samo maraviroc a 2007, mai toshe CCR5, ko da yake ba ya amfani idan cutar ta koma bin CXCR4. Ana gwada tada masu barcin don a kashe su, ana gwada yanke cutar daga DNA, amma har yanzu babu wanda ya zama maganin da za a raba wa jama'a. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne allurar lenacapavir mai kare wanda bai kamu ba, sau biyu a shekara: a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin 'yan mata fiye da 2,000 da aka yi wa, ba a samu wadda ta kamu ba.

Ki yi wa ƙanenki albishir: muddin yana shan magani kuma gwaji ba ya ganin cutar, ba zai sa wa matarsa ta hanyar kwanciya ba. Kwalbar tsimin ya kai wa nas ɗinsa ta duba, domin ko maganin ƙarin jini da farin ruwan nan na olsa suna rage wa dolutegravir ƙarfi idan aka sha su tare. Kuma tunda da asuba yake fita lodi Kejetia, ya riƙa sa ƙwayar ranar a aljihun riga, kada ya bar robar a gaban mota rana tana dukanta.