Injin ƙafa na tsofaffi: zai mayar da Baba kan hanyar masallaci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 76, a Jidda muke zaune. Da can da ƙafarsa yake zuwa salloli biyar, yanzu kafin ya isa masallaci sai ya tsaya yana haki, gwiwarsa ta hagu kuma tana damunsa. Na ga bidiyon tsofaffi a Sin suna hawan dutse da wani inji ɗaure a ƙugu. In saya masa? Burinsa ya yi sa'ayi da ƙafarsa a umarar azumi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Da alama bidiyon Dutsen Tai kika gani a lardin Shandong, inda aka fara ba masu hawa hayar wannan na'ura a farkon 2025. Nauyinta kusan kilo 2. Ana ɗaura ta a ƙugu, da ƙananan injuna a gefen kwankwaso da madauri a cinyoyi. Tana gane lokacin da mutum zai ɗaga ƙafa, sai ta ɗan tura cinyar gaba, kamar jika ya dafa maka baya a hawan tudu. Akwai manyan na asibiti irin su ReWalk, da Amurka ta amince da shi a 2014 don masu raunin laka, amma wannan wani zance ne daban.

Abin da nake so ki riƙe: na'urar ƙugu ba ta ɗauke nauyin jiki daga gwiwa, kuma in mutum ya yi tuntuɓe ba ta tare shi. Wanda take amfana shi ne mai takawa daidai da ma, gajiya kawai ke tsayar da shi. Baba kuwa abu biyu kika faɗa, haki da ciwon gwiwa, kuma hakin ya fi tayar mini da hankali. Yana iya zama zuciya, huhu, ko ƙarancin jini. A kai shi asibiti a duba wannan kafin ki kashe ko riyal ɗaya. In yana da ciwon suga a duba tafin ƙafarsa, domin mai dindiris ba ya jin inda madauri ko takalmi ke cin fatarsa sai ya zama gyambo.

Ga gwajin da za ki yi a falo. Ya zauna a kujera, ki auna mita 3 ki ajiye takalmi. Ya tashi, ya je wurin takalmin, ya juyo ya zauna, kina tsaye kusa da shi da agogo. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, likitan fisiyo, wato mai gyaran motsin gaɓɓai da atisaye, ya kamata ya fara gani.

In likita ya ce zuciya lafiya, a fara tattaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai 65 ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana 3. A fara da minti 10 bayan asuba a bakin teku, inda ƙasa take a shimfiɗe, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da rana kada ya fita. Mun ga yadda zafi ya haura digiri 51 a Makka a hajjin 2024, aka rasa fiye da mutum 1,300. A gida kuma ya riƙa tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, shi ke gina naman cinya da gwiwa take jingina a kai.

Sa'ayi zagaye bakwai kusan kilomita 3 ne, ga ɗawafi kafin shi, ga cunkoson azumi. In ya kai yana iya wannan nisa a Jidda ba haki, alhamdu lillahi. In bai kai ba, akwai kekuna a Harami, har masu lantarki, ya taka abin da zai iya ya hau sauran. In har yanzu kina son na'urar, ku fara gwada ta a gaban likitan fisiyo, a hanyar da babu turereniya.