Amsa ga ƙanwarmu mai tambayar aikin koyar da ciya a sansanin bazara

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi ina karanta tambayarki na ajiye cokalin da ke hannuna, don kamar daga bakina aka ɗauko ta. An ba ki aikin koyar da ciya (cheerleading, wato wasan kirari, rawa da ɗaga juna sama don ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa) a sansanonin hutun bazara, kuɗin bai taka kara ya karya ba, Mama kuma ta ce ba za ki yi ta yawo gari-gari kina ɗaga 'ya'yan mutane sama ba, kina son sanin ko akwai abin da ake samu a ciki. Akwai. Bazara uku na yi a Texas ina wannan aikin. Amma bari in fara da ranar da na kusa haɗa jakata, don har yau tana raina.

A 2016 ne, azumi ya kama 6 ga Yuni, kin san zafin Texas, ga azumin awa 15 da ɗoriya. Muna harabar wata jami'a, rana ta biyu cikin huɗu. Wata koci ta zo da yaran makarantarta, tun safe take matsa min sai na koya musu tsayuwar ƙafa ɗaya a sama, alhali ko ɗagawar daidai kafaɗa ba su iya riƙewa ba sai sun yi rawa kamar kara a iska. Na ce mata ba su kai ba tukuna. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi ta ce ita ta fi shekara ashirin tana wannan aiki. Ni kuma yarinta, da tarbiyyar gida ta kar ka yi musu da babba, na yi shiru. Na juya in duba wani rukuni, sai na ji ta fara ƙirga musu, biyar, shida, bakwai, takwas. Da gudu na iso, yarinyar ta riga ta sulmiyo ta baya. Na tare ta da ƙirjina, ƙeyarta ta fasa min leɓe, ɗan yatsana ya goce, muka zube tare a kan katifa.

Ba faɗuwar ce ta ƙona min rai ba. Matar nan, jini na zuba a bakina, ta je ta gaya wa shugabanmu wai ni ce ban da ƙarfi saboda ba na cin abinci, wai bai kamata a bar mai azumi kusa da yara ba. Shi kuma ya tsaya yana gyaɗa kai, don kar makarantar ta ƙi dawowa baɗi. Ko sannu ba ta ce min ba. Ko sannu! Kuma har ta so a sake ɗaga yarinyar a yammacin nan, yarinyar da ke cewa fitila na damun idonta. Nan fa bakina ya buɗe, na kira mai duba lafiyar 'yan wasa da kaina, aka zaunar da ita. Ranar da dabino uku da kuka na sha ruwa, ni kaɗai a ɗakin ɗalibai. Na yafe mata dai, amma da zan gan ta a kantin Walmart yau sai na sauya layi.

Don haka abu na farko, ki koyi cewa a'a, ko da wadda ta haife ki ce a shekaru. Wanda ya bugu a kai ba ya komawa sama a ranar, kowace jiha a nan Amurka tana da doka a kan buguwar kan yara 'yan wasa, ki tsaya a kanta. Kuma ki rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa, ni rashin rubutawa ne ya cuce ni.

To me ya mayar da ni har sau biyu? A sansanin da ya biyo baya akwai wata yarinya 'yar shekara 14 daga wani ɗan ƙauye, doguwa mai jiki, kullum a layin baya, tana jan rigarta ƙasa. A tunaninta ciya ta sirara ce masu tashi sama. Na sa ta tsaron baya, na ce mata ran wadda ke sama a hannunki yake, ke za ki yi ƙirga, ke za ki fara cafe ta. Rana ta uku muryarta ce ta cika zauren. Da suka ɗaga abokiyarsu ta tsaya cak, ta sauko lafiya, yarinyar nan ta rungume ni tana kuka har ta jiƙa min hijabi. Kin san labarin da ake ba mu na Lawrence Herkimer, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan ciya ta NCA a 1948, ya fara sansani a garin Huntsville na Texas da 'yan mata 52, yadda ya samo reshen bishiya ya ba wata tawaga da ba ta iya komai ba sai karsashi. Da nake ɗaliba ina ɗauka tatsuniyar talla ce. Daren da na miƙa wa 'yan ƙauyen nan sandar karsashi, suka kwana da ita kamar jaririya don kar ta taɓa ƙasa, na daina raina ta.

Kuma ni da ba na iya kallon idon malami, aikin nan ya tsayar da ni gaban yara ɗaruruwa da makirfo. Aikin da nake yi yanzu, a intabiyu labarin sansani suka yi ta tambayata, ba su ko kula takardun ba.

Kuɗi kam, kar ki lissafa shi da awa, za ki yi baƙin ciki, don daga safe har dare kina tsaye. Ki tambaye su tun yanzu wa ke biyan mai tsakanin gari da gari, da ranakun da babu sansani. Af, in bizar ɗalibai gare ki, F-1, kar ki karɓi ko sisi sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya ba ki izinin CPT, wato izinin aikin horo na ɗalibai, shi ma sai aikin ya shafi karatunki. Wannan ba abin wasa ba ne.

Batun Mama, kar ki yi mata gardama, tsoronta na kan hanya. Tawa sai da na sa kayan aikin a gabanta, dogon wando a ƙarƙashi, riga mai dogon hannu, sannan ta sauko. Ki nemi amincewar masu ɗaukar ki aikin da irin wannan shigar a rubuce kafin ki sa hannu. Hijabi kuma na wasanni, marar fil, don ba a yarda da fil ko ɗan kunne a kan katifa ba. Kafin Nike su fitar da nasu a 2017 wata Anti a Houston ce ke ɗinka min. Sallah kuwa, azahar da la'asar a ɗakin ajiyar katifu na yi ta yin su.

Ki riƙe zuma da citta, murya na dishewa tun rana ta biyu. In Mama na son jin ta bakin wadda ta yi, ki turo min lambarta ta akwatin sirri, zan kira in gaishe ta bayan isha'i. Labarin leɓen ne kawai ba zan ba ta ba.