Maganina a kan hanyar Santiyago

Tambaya: Ina da shekara 54, ina fama da hawan jini da ciwon suga. A watan Yuni zan yi tattaki daga Saint-Jean-Pied-de-Port ta Faransa zuwa birnin Santiyago na Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 800 wadda za ta ɗauke ni mako biyar. Tunda a baya zan goya kayana, ko zan iya ɗaukar magani kaɗan in riƙa saye a hanya?
Daga wani mai karatu a Jos

Amsa: Malam, Allah Ya kai ka lafiya, amma ina roƙonka kada ka rage nauyin jakarka ta wajen magani. A Sifaniya ba a sayar da maganin hawan jini ko na suga sai da takardar likita, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2011 da ta sa ake karɓar takardar wata ƙasa ta shafi ƙasashen Tarayyar ne, saboda haka mai kantin magani yana iya ƙin wadda aka rubuta a Najeriya.

Ka ɗauki abin da zai ishe ka mako bakwai, kowane magani a cikin kwalinsa na asali, ka raba shi wuri biyu a jakar da za ka shiga jirgi da ita. Likitanka ya rubuta maka wasiƙa mai hatimi da ke ɗauke da sunanka yadda yake a fasfo, da ciwon da ke damunka, da adadin da kake sha, da ainihin sunan maganin, kamar amlodipine ko metformin, domin sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan maganin ya ɓace, wannan wasiƙar za ka kai wa likita a Pamplona, Burgos ko Leon, biranen da ke kan hanyarka, ya rubuta maka sabuwar takarda. Ka kuma karanta da kyau takardar inshorar lafiya da ake nema wajen biza, wadda dole ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, don da yawa ba sa biyan kuɗin ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne sugan. Tafiyar kilomita 20 zuwa 25 kullum tana sauke shi ƙwarai, don haka ka zauna da likitanka ya daidaita maka adadin tun kana gida, ka kuma riƙe na'urar gwaji da dabino a aljihu. Idan kana allurar insulin, kwalbar da aka fara amfani da ita takan yi kwana 28 ne muddin zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma filin da ke tsakanin Burgos da Leon ba shi da inuwa sosai, saboda haka ka sayi ƙaramar jakar sanyaya ta kafin ka tashi.