Za ni Tokyo: in sayi sandar gem tun daga gida?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Zan yi wata uku a Tokyo kan wani kwas. A unguwarmu ba mai ja da ni a wasannin faɗa na Tekken da Street Fighter, amma da fad na saba, wato na'urar nan mai maɓallai da ake riƙewa a hannu biyu. Na ji a gidajen gem na Japan da sanda ake bugawa, wato ɗan makamar da ake juyawa da hannu ɗaya, ɗayan yana danna maɓallai. In saya tun yanzu in fara koyo, ko in bari sai na je? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Sanda mai kyau tana da tsada, ga nauyi a jaka, kuma wasan da za ka tarar can shi zai nuna ko kana bukatarta.

Tekken 8 da ya fito a 2024 ba a yi masa na'urar gidan gem ba, na PlayStation 5 ne da Xbox da kwamfuta. Street Fighter 6 kuwa yana nan a shagunan gem na kamfanin Taito, kuma na'urarsa tana da ramin USB, sai ka jona fad ɗinka. To amma sau da yawa ta intanet za a haɗa ka da wani da ke wani gari, alhali wannan ko a ɗakinka kana iya yi.

In gumurzu kake so da mutum mai numfashi, nufi gidan gem na Mikado a unguwar Takadanobaba, ko HEY a Akihabara. Can ne ake buga tsofaffin wasanni irin su Street Fighter III: 3rd Strike na 1999, kuma can babu zancen fad. Na'urori biyu ake haɗawa baya da baya, kai a nan, abokin karawa a ɗaya gefen, ba ka ganin fuskarsa. Kana cikin wasanka sai allo ya sanar da kai wani ya shigo. Mai yiwuwa magidanci ne da kwat da jakar ofis, wanda ya fara buga wasan tun ba a yaye ka ba. Zai lallasa ka. Kada ka daki na'ura, kada ka leƙa ka ga ko wane ne; in akwai mai jira a bayanka, tashi ka ba shi kujera ka sake bin layi. Wanda ya ci shi ke zama.

Wasa ɗaya yawanci yen 100 ne, akwai injin canji a shagon. Kuɗin sandar nan ka mai da su sulalla, hannunka zai faɗa a kan irin sandar da suke amfani da ita, mai dunƙulallen kai, galibi ƙirar kamfanin Sanwa. In bayan sati biyu ka ji tana maka daɗi, sai ka saya a can. Kada kuma ka raina horon gida: Arslan Ash daga Lahore ta Pakistan ya fito, ya cinye Tekken 7 a babbar gasar wasannin faɗa ta EVO Japan a 2019, ya ƙara da ta Amurka a shekarar.

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 15 zai raka ni Osaka, kuma ya dame ni da maganar gidajen nan. Ba caca ba ce? Daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, wasan faɗa ba a cin ko sisi a cikinsa, kuɗin zama kawai ake biya. Inda za ki sa ido shi ne gidajen pachinko, wato wasan injin mai kama da caca, masu ƙara da walƙiya, waɗanda dama ba a barin ɗan ƙasa da shekara 18 ya shiga. Sai injinan ɗauko 'yar tsana da ke bakin ƙofa, su ne ke zuƙe aljihu. Ku je da rana, don da yamma doka ba ta barin yaro mai shekarunsa ya zauna shi kaɗai. Ki ƙirga masa sulalla goma a hannu, in sun ƙare ku fito.