Ku Tambayi Anti: Tukunya, Allura Da Filin Rawa

Sannunku da haƙuri. Wasiƙun wannan karon sun taru sosai, ni kuma muna ta shirin wasan ƙarshen zango da ɗalibaina, kullum sai dare nake shigowa gida. Guda biyar na ɗauka, sauran ku yi min afuwa sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ma malamar rawa ce kamar ke amma sabuwa, wata 8 kenan da na fara, yara da yamma manya da daddare, kafin in dawo gida tara ta wuce ƙafafuna kamar ba nawa ba sai in ƙare da shayi da biredi, kullum haka har na fara ramewa. Na ce bari in dinga dafa shinkafa da yawa ina ajiyewa sai wata ta ce min wai shinkafar da ta kwana guba ce. Dan Allah da gaske ne? Ƙanwarki mai son koyo.

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, wlh da na karanta wasiƙarki kaina na gani a shekarata ta farko, ina tsaye a kicin da rigar da na yi aji da ita, gumi ya bushe a bayana, ina cin abinci daga cikin tukunya da ludayi don ko ɗaukar faranti ji nake aiki ne.

Maganar ƙawarki akwai ƙamshin gaskiya amma ba kwanan ne matsalar ba, inda ta kwana ne. Ɗanyar shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, ita kuma dahuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya, lafewa take yi. In kika sauke tukunya kika bar ta a rufe a kan murhu tana hucewa a hankali, wannan ɗumin shi take so, tsakanin digiri 5 zuwa 60 nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, sai ta saki dafi, dafin nan kuma ko kin ɗumama washegari ba ya mutuwa. Ni ya taɓa kama ni, na bar shinkafa tun azahar har wayewar gari na soya ta da ƙwai na ci, ba a yi awa uku ba na fara amai, ranar ɗalibai suka zo suka tarar da ƙofa a kulle.

Toh abin yi shi ne da kin sauke ki baza ta a faffaɗan tire ta sha iska, kar ki jira ta yi sanyi ƙalau, cikin awa ɗaya ki zuba a ƙananan robobi masu murfi ki tura firiji. Wadda za ki ci gobe ta zauna a firiji, sauran ki kai firiza. In za ki ɗumama ki yayyafa ruwa kaɗan ki rufe har sai tururi na tashi daga tsakiyarta, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa, abin da ya rage a zubar.

Amma ainihin gyaran da zan miki ba na shinkafa ba ne. Ki daina ajiye girki sai bayan aji. Wadda ta yi awa huɗu tana tsalle tana ƙirga "biyar, shida, bakwai, takwas" har murya ta dushe ba za ta yanka albasa ba, ƙarya ne. Ki mayar da babban abincinki awa 2 zuwa 3 kafin ajin farko, ki tafi da ayaba da dafaffen ƙwai a jaka don tsakanin ajin yara da na manya, da daddare kuma abu mara nauyi da kika riga kika haɗa. Ni ranar hutuna nake soya albasa da tumatir mai yawa in raba a robobi, in dafa wake, in dafa ƙwai shida minti 10, shikenan sati ya samu ƙafa. In jan waken nan mai kama da ƙoda ne ki jiƙa shi ki zubar da ruwan, ki bar shi ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin ki rage wuta, don shi ma in bai ji wuta ba yana ɓata ciki.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne, ni nake yi wa kaina girki. Duk sanda na zo soya nama maimakon ya yi ja sai ya dinga fitar da ruwa ya yi fari-fari kamar dafaffe, albasa kuma ko ta ƙone ko ta zauna ɗanya. Ina nake kuskure?

AMSA: Ɗan'uwa gaggawa ce ke cin ka, ba wani abu ba. Jan nan da ƙamshin suya suna fitowa ne in sinadaran furotin suka haɗu da sukarin da ke jikin abincin a wuta mai ƙarfi, wani masani ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya yi bayaninsa a 1912 shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Sai zafi ya kai wajen digiri 140 yake kankama, ruwa kuwa a 100 yake tafasa ba ya wuce nan, kenan muddin akwai ruwa kwance a kaskon dafawa kake yi ba suya ba.

Ka tsane naman da tsumma mai tsafta, ka bar kasko ya yi zafi tukuna, kar ka cika shi, ka soya kashi biyu ko uku in ya kama. Sannan ka cire hannunka! Na san ku, da an zuba sai juyi. Ka bar shi minti 3 zuwa 4, in ya yi da kansa zai saki kaskon. Albasa kuma akasin haka ce, wuta ƙasa-ƙasa da ɗan gishiri, in kana son ta yi laushi ta yi ruwan zuma ka ba ta minti 30 zuwa 40, in ta fara kamawa ka zuba ruwa cokali ɗaya ka kankare. Duk bidiyon da ya ce maka minti 5 ta isa yanke shi aka yi.

TAMBAYA: Gishiri ya yi min yawa a miya, an ce in jefa dankali zai tsotse. Yana yi?

AMSA: 'Yata ba ya yi. Dankalin ruwan miyar yake sha da gishirinsa tare, wadda ta rage a tukunya tana nan yadda take. Ki ƙara ruwa da kayan miya marasa gishiri, ko ki ɗan matsa lemon tsami ya rufe ɗanɗanon. Gaba ki dinga sawa kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa.

TAMBAYA: Anti 'yata mai shekara 9 tana ajin rawa, malamarsu tana ƙoƙari da ita sosai don yarinyar da ko magana ba ta yi a cikin mutane yanzu ita ce a layin gaba. Ina son in yi wa malamar kyauta da hannuna, ina ɗan taɓa ɗinki, amma ina tsoron kar a ga kamar rowa ce ta hana ni sayen na kanti. Na yi tunanin haɗa mata sabulu ko man girki mai tafarnuwa a kwalba. Me kika gani? Maman biyu.

AMSA: Maman biyu kin kawo ƙara inda ya dace, don shekara da shekaru ina karɓar irin kyautar nan. Bari in faɗa miki sirrin malamai, kofunan shayi da aka ba ni sun cika kabad har na rasa inda zan sa, turare wani ko buɗewa ban yi ba, amma akwai wata 'yar jaka ta atamfa da wata uwa ta ɗinka min, ɗinkin ma a karkace yake a gefe ɗaya, ita ce kullum a wuyana in na dawo gida.

Ga yadda take. Ki samu yadi na auduga zalla, kar ki sa mai roba-roba don yana iya narkewa in ya ji zafi. Ki yanka yadda in kin ninka zai ba ki tsawon santimita 40 faɗi 15, ki ɗinke gefe ki bar baki ɗaya, ki juya, ki zuba ɗanyar shinkafa kamar kilo ɗaya amma kashi uku, kina zuba kashi ɗaya ki ɗinke layi ki zuba na gaba, don kar ta dinga taruwa waje guda. Kar ki cika ta tam, ki bar ta tana lanƙwasa yadda za ta kwanta a wuya ko gwiwa. Ana sa ta a na'urar ɗumama abinci minti 1 zuwa 2 a gasa jiki da ita, ko a sa a leda a jefa firiza ta zama ta sanyi don ƙafar da ta kumbura. Ki ɗinka mata riga ta waje da za a iya cirewa a wanke, don ita kanta ba ta son ruwa. Zaren ma na auduga, kuma ba zif ba maɓallin ƙarfe.

Man tafarnuwa kam ki bar shi. Ɗanyar tafarnuwa in ta nutse a mai ba iska, aka ajiye a kan kanta, wuri ne da ƙwayar Clostridium botulinum take iya girma, dafinta yana shanye jiki kuma ba wari ba canjin launi balle a gane. Ba abin da za ki ba mutum ki tafi ba ki san inda zai ajiye ba. Sabulu kuma in irin na soda ne sai ya yi sati 4 zuwa 6 yana shan iska kafin a yi amfani da shi, ga safar hannu ga tabarau don sodar tana ƙona fata, in ba ki taɓa yi ba kar ki fara koyo a kan kyautar mutane.

Sai abu ɗaya, ki ba yarinyar takarda ta rubuta wa malamarta layi biyu da hannunta, kar ki gyara mata kuskuren rubutu. Ina da wata a cikin jakar takalmana da aka rubuta "nagode kin koyamin juyi bana faduwa", takardar har ta yi laushi don ninki. Maganar rowa kuwa ki cire ta a ranki, wadda take tsugunawa tana ɗaure wa yara ashirin igiyar takalmi ta san nawa ne kuɗin lokaci.

TAMBAYA: Malama shekarata 46, tun ina yarinya nake sha'awar rawa ban samu dama ba. Na shiga aji sau biyu, kowa na tafiya dama ni ina hagu, in aka ce a juya jiri ya kwashe ni, bayan kwana biyu ko matakala ba na iya sauka don ciwon cinya. Kodai na makara ne in haƙura?

AMSA: Yaya ai sau biyu ba a ce an fara ba ma. In burinki ki zama 'yar rawar bale irin ta Turawa a babban dandali toh wannan kam tun ƙuruciya ake gina jiki, tsari ne mai tsauri da ya samo tushe tun makarantar rawa da Sarki Louis na 14 ya kafa a Faris a 1661. Amma ke ba can kika nufa ba, so kike kiɗa ya tashi jikinki ya amsa, wannan kuwa ina da ɗalibai da suka haura 60 suna yi.

Ciwon cinyar ba rauni ba ne, tsoka ce ta yi aikin da ba ta saba ba, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya sake ki, kuma a aji na huɗu na biyar za ki ga ya ragu sosai. Wanda za ki ji tsoro shi ne mai suka a cikin gwiwa ko idon sawu, ko kumburi, wannan ki tsaya ki ga likita. Ki dinga zuwa da wuri ki ɗumama jiki minti 10, kuma kar ki dinga tsalle a kan siminti tsirara in kina gwaji a gida, ƙwauri ne zai biya.

Jiri kuma daga kunne yake. A can ciki akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa, in kin juya ruwan ya motsa, kin tsaya shi bai tsaya ba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu juyawa kike. Dabararmu ita ce ki zaɓi abu ɗaya a bango daidai idonki, ni a ajina jan tef nake mannawa, ki kafe shi da ido jiki ya fara juyawa kai yana nan, sai a ƙarshe ki wurga kan da sauri ido ya koma kan tef ɗin. Ki fara da kwata, sai rabi, cikakken juyi sai nan da sati biyu. In kuma jirin yana zuwa miki ko ba rawa, a duba hawan jini da kunnen.

Batun dama da hagu, ki daina kallon ƙafafunki, ki daina kallon madubi ma tukuna don shi yake juya miki su. Ki tsaya a layin tsakiya bayan wadda ta iya, ba can ƙarshe inda masu kunya suke ɓuya ba, a can ba ki ganin komai sai bayan mutane. Ki koyi ƙafa kaɗai ki bar hannu ya rataya, ki dinga ƙirga takwas ɗin da baki a fili, in kina jiran ruwa ya tafasa a kicin ki maimaita taku takwas ɗin farko sau goma. Aji biyu a sati na awa ɗaya-ɗaya ya kai ki minti 120 cikin 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya take so babba ya motsa jiki a mako, sauran 30 ɗin tafiyar ƙafa ta cike.

Ki yi aji takwas a jere ba fashi sannan ki sake rubuto min, ki faɗa min a wane taku kike ɓacewa, na uku ne ko na bakwai, don kowanne maganinsa daban.