Tururuwa a Bakin Ƙugiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo na masunta a Amurka suna ɗaura zare da gashin tsuntsu a ƙugiya har ta zama kamar tururuwa, suna kama kifi da ita ba tare da tana ba. Shin kifi na cin tururuwa? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kifin da ka gani shi ne tirawut, wanda ke rayuwa a koguna masu sanyi da tsabta na Turai da Arewacin Amurka, kuma yawancin abincinsa ƙwari ne. Idan zafi ya tsananta a can, ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa cikin ruwa sukan ragu, sai kifin ya koma ga na tudu, irin su tururuwa da fara, waɗanda iska ke kakkaɓowa daga ciyawar bakin gaɓa.

Galibi tururuwa ba ta iya iyo, saboda haka idan ta faɗa sai ta maƙale a saman ruwa tana mutsu-mutsu, kifin kuwa ya taso a hankali ya zuƙe ta. Ranar da tururuwa masu fikafikai suka fito tururu, kamar yadda shinge ke cika fitilun unguwa bayan ruwan farko, kifin ba ya kallon wani abinci.

Shi ya sa masuncin ke naɗa dunƙule biyu na baƙin zare, ya bar siririn ƙugu a tsakani, domin a ganina wannan ƙugun shi ne abin da ke yaudarar kifin.